Fitilar da Ba Ta Kai Bakin Dogo Ba

Halder, Dakota ta Arewa
14 ga Oktoba, 1996

Arlen ɗana,

Ina gaishe ka da kyau, kai da Colleen da 'yan biyunku, da fatan sanyin nan ya same ku lafiya. Ni ga ni nan, gwiwar hagu ce kawai ke yi mini gardama. Likita ya ce in rage hawan tarakta, na ce masa to ya zo ya hau mini. Masara ta yi kyau bana, ta fi mutum tsawo, amma na kasa yin murna da ita.

Ranar Juma'a mai zuwa shekara ɗaya ke nan cif da jirgin ƙasa ya ɗauke mini mijina Emil a matsallakar mil bakwai. Har yau wurin yana nan yadda ka san shi: katako biyu a gicciye, ba fitila, ba ƙararrawa, ba sandar tare hanya. Masara ta rufe layin dogo hagu da dama, sai ka cusa hancin mota kafin ka ga ko wani abu na tafe. Sau uku ina zuwa gaban majalisar gunduma. Sun ce fitila irin ta birni ta fi ƙarfin aljihunsu, kuma motocin da ke bi ta nan ba su kai adadin da doka ta ce ba. Na ce to mutum nawa za su mutu kafin adadin ya cika? Shugaban ya ce, “Haba Verna, mu ma fa Emil namu ne.” Gaskiyarsa, yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin. Shi ya sa ban zage shi ba.

Ga dalilin wasiƙata. Uwarka Irma ta ce mini wai kana ƙera wata fitila a jami'arku saboda irin waɗannan matsallakai. Ta kasa yi mini bayani, ka san ta, ko ƙwan lantarki ba ta iya canzawa. Kakanmu ɗaya da ita amma ban san inda aka samo ta ba. Ni kuwa da na koya maka kwance inji kana ɗan shekara goma sha ɗaya, lokacin da ake turo ka hutu gonarmu, ba za ka ɓoye mini ba. Ka zana mini ita dalla-dalla, kada ka raina ni. Kuma kada ka bugo waya, a waya ba ka san komai ba sai “lafiya lau” da labarin ruwan sama.

Innarka,
Verna


3 ga Nuwamba, 1996

Inna Verna,

Na samu wasiƙarki, mun gode Allah da kike lafiya. Mu ma lafiya, sai mura da yaran suka kwaso a makaranta suka raba wa kowa. Don Allah ki ji maganar likita ko da rabi ne.

Irma ba ta yi ƙarya ba. Tun ranar da muka dawo daga jana'izar Kawu Emil nake kan wannan aiki. Ban gaya miki ba ne don ina tsoron in sa miki rai abin ya ƙi. Yanzu kam ya yi. Ga zane shafi uku na haɗo miki, na rubuta sunan kowace waya da hannuna.

A taƙaice, wani ƙaramin kunne ne ake binnewa a ƙasa, taku arba'in daga dogo. Jirgi yana nesa ƙasa ke fara rawa, kunnen ya ji, ya bambance rawar jirgi da ta tarakta ko babbar mota, sai jar fitila ta fara walƙiya. Rana ce ke caja batirinta. Ba ta taɓa dogo ko kaɗan, kuma ba ta kai kuɗin tsohuwar a-kori-kura ba. Mun gwada ta da jirage fiye da ɗari biyu, ko ɗaya ba ta yi kuskure ba.

Na san abin da za ki ce: to kawo ta mana. Inna, ba tawa ba ce. Duk wanda ya karɓi aikin bincike a nan ya sa hannu cewa abin da ya ƙirƙiro na jami'a ne. Akwai ofishi a bene na uku, aikinsu shi ne su nemi takardar mallaka daga gwamnati, sannan su nemo kamfanin da zai sayi izinin ƙerawa. Sai kamfani ya ƙera, hukuma ta gwada ta amince, sannan gunduma ke da ikon kafa ta a hanya. Mai kula da takarduna, wata Madam Pruitt, ta ja mini kunne: kada in buga a mujallar bincike, kada in yi jawabi a taron injiniyoyi, har sai an shigar da takardar. To ke ba mujalla ba ce, ba taro ba ce, ke Innata ce.

Na yi miki alkawari ɗaya. Ta farko da za ta fito daga masana'anta, a mil bakwai za a kafa ta.

Naki,
Arlen


9 ga Disamba, 1996

Arlen,

Lafiya muke, dusar ƙanƙara ta sauka har gwiwa. Na karanta zanenka sau biyar a kan teburin kicin. Na gane komai sai shafi na uku, shi ma laifin rubutunka ne, tun kana yaro kamar tafiyar kaza yake. Da na kai inda ka rubuta alkawarin nan sai da na tashi na fita wajen shanu, don ba na son in yi kuka a kan takarda.

Ga kwalin Kirsimeti nan. Kwalba huɗu na jam ɗin shafa wa burodi ne, biyu naku, biyu na yara, kada ka cinye musu. Na kuma ɓoye maka wani abu a ciki, ba zan faɗa ba, ka nemo da kanka. Abin da zan ce kawai, yanzu babu wanda bai san sunanka ba a Halder. A coci har tsayar da ni ake yi ana cewa, “Verna, ashe yaron nan mai zubar da majina ya zama mutum!” Ina cewa ai ni na share masa ita.

Innarka


20 ga Janairu, 1997

Inna,

Yi haƙuri da jinkiri, aiki ne ya sha kaina. Kowa lafiya. Kwalin ya iso, Colleen ce ta buɗe, yara sun gama da kwalba ɗaya kafin in dawo gida. Na ga abin da kika ɓoye. Na daɗe ina riƙe da shi. Babu kyautar da ta taɓa shiga raina kamar wannan, na gode.

Maganar fitila tana bene na uku. Sun ce suna dubawa.

Arlen


22 ga Satumba, 1997

Arlen,

Ina fata kuna lafiya, tunda ba a jin ku sai a kati. Ni gwiwa ta zama biyu yanzu, ta dama ta ga ta hagu na samun kulawa ta shiga layi.

Wata takwas ana dubawa? Me suke dubawa, ko da ido ɗaya suke karatu a benen nan? Masara ta sake tashi. Ranar Talata motar makaranta ta tsaya a mil bakwai, direba ta buɗe ƙofa ta saurara kamar yadda doka ta ce, iska na kaɗa ganyen masara ba ta ji komai ba. Ta tsallake ke nan jirgi ya wuce ta bayanta. Yara goma sha tara ne a ciki. Da ta sauke su ta zo gidana, ta kasa riƙe kofin kofi, sai ni na riƙe mata.

Mutane suna tambayata fitila, ni kuma ina cewa tana nan tafe. Na fara jin kunyar shiga gari. Ka hau benen nan ka buga musu tebur, in ba ka iya ba ka ba ni adireshinsu.


11 ga Janairu, 1998

Inna Verna,

Barka da sabuwar shekara. Muna lafiya, ina fata gwiwoyin sun yi sauƙi. Wasiƙarki ta Satumba ta hana ni sukuni, ban amsa ba ne don ba ni da abin faɗa. Na hau benen, har sau shida. Al'adarsu ce ba sa biyan lauya ya shigar da takardar mallaka sai sun ga kamfanin da ke so. Madam Pruitt ta ce mini, “Dakta, takardu tamanin ne a gabana, kowa cewa yake tasa ce za ta ceci duniya.” Ba muguwa ba ce, mutum biyu ne kawai a ofishin.

Yau dai albishir na kawo miki. An samu kamfani, masu ƙera fitilun hanya ne a Ohio. An shigar da takardar ranar 18 ga Disamba. Na kafe sai an rubuta a yarjejeniya cewa a Halder za a kafa ta farko, sun yarda. Injiniyansu zai zo duba wurin a watan gobe, sunansa Mista Kowalke. Ki nuna masa hanya, amma kada ki cika shi da abinci ya kasa aiki.

Ki gaya wa mutanen coci, za a kafa ta kafin masara ta sake tashi.

Arlen


17 ga Fabrairu, 1998

Ɗana,

Lafiya lau nake, rabon da in ji ƙarfi haka tun Emil na da rai. Baƙonka ya zo. Yaro mai ladabi, sai dai ya zo Dakota da takalmin ofis, na ara masa na roba. Ya auna wurin, ya ɗauki hotuna, ya ce bai taɓa ganin matsallakar da ta fi wannan bukatar fitila ba. Ya ci miyar dankali kwano biyu.

Daga nan na kai shi shagon kofi na gari don ya ga jaridar. Ka tuna wadda na ɓoye maka a kwalin Kirsimetin waccan shekarar, wadda Marlys mai jaridar garinmu ta buga zanenka shafi ukun gaba ɗaya da hoton Emil a gefe? An sa ta a firam an rataye a bango kusa da agogo. Na ce masa, “Ka gani, mu nan mun riga ku sanin ta.” Ya daɗe yana kallo. Ya ce, “Mama, yaushe aka buga wannan?” Na ce ga shi nan a sama, 5 ga Disamba, 1996. Ya rubuta a ɗan littafinsa, ya nemi waya, bai ma shanye kofinsa ba ya ce hanya na da nisa. Ina jin abin ya taɓa shi ne.

Yaushe za su fara haƙa? Zan yi wa ma'aikatan abinci.

Innarka


2 ga Maris, 1998

Inna,

Wace jarida? Ki aiko mini da ita yau, ta hanyar da ta fi sauri. Kada ki sake yi wa kowa maganar fitila.

A.


15 ga Yuni, 1998

Arlen,

Ban sani ba ko kana lafiya, sai dai in ji a bakin Irma, ita ma cewa take ba ka ɗaga waya. Ni dai da sauran numfashi.

Na aika maka jaridar ranar da ka ce, wata uku da rabi ke nan. Ko “ta iso” ban samu ba. Layi uku ka rubuto mini, babu gaisuwa, ka sa hannu da harafi ɗaya kamar mai aiko da takardar haraji. “Wace jarida?” Kai da ka ce ka daɗe kana riƙe da ita, babu kyautar da ta taɓa shiga ranka kamarta? Ko daɗin baki ka yi wa tsohuwa?

Na yi ta juya abin a raina. Abin da na gano shi ne, yanzu da kamfani ya shigo, kunya kake ji a ga sunanka a jaridar ƙauye, tsakanin tallan irin alkama da sanarwar wanda saniyarsa ta ɓata. In haka ne ka faɗa, zan sa a sauke firam ɗin. Amma ka sani ban yi don in ci albarkacinka ba. Na yi ne don mutanen nan su san mutuwar Emil ba ta tafi a banza ba.

An gama shuka. Wata biyu nan gaba masara za ta rufe dogo, kuma ban ga ko tsinke an kafa ba. Raina ya ɓaci, Arlen, ba zan ɓoye maka ba.

Verna


9 ga Agusta, 1998

Inna Verna,

Ina gaishe ki, ina roƙon gafararki kafin komai. Jikina lafiya. Sau goma sha ɗaya na fara wannan wasiƙa ina yagewa. Ba kunyar jaridar ƙauye nake ji ba, kunyar kaina ce ta rufe mini baki.

Ban taɓa ganin jaridar ba sai a watan Maris. Da ita kika naɗe kwalaben, Colleen ta warware ta zubar a shara, ta ɗauka takardar naɗi ce. Abin da na samu a ƙasan kwalin safar hannun Kawu Emil ce ta fata, wadda yatsan ya huje. Na ɗauka ita kika ɓoye mini, ita ce na daɗe ina riƙewa. Yanzu na gane cusa ta kika yi don kada kwalabe su fashe.

Ga abin da ya faru. A doka, in aka buga bayanin ƙirƙira a takardar da jama'a za su iya karantawa, shekara ɗaya tak mai ita yake da ita ya nemi mallaka. Doka ba ta san mujallar bincike da jaridar Marlys ba, duk bugu ne. An buga ranar 5 ga Disamba, mun shigar ranar 18 ta shekara mai bi. Kwana goma sha uku muka makara. Da na ga jaridar a lokacin, da a mako ɗaya an shigar.

Takardar ta mutu. Kamfanin ya janye a watan Afrilu. Na tuƙa har Ohio na roƙe su. Manajan ya ce, “Dakta, fitilarka ta yi. Amma sai mun yi shekara uku muna biyan gwajin hukuma, ranar da aka amince kowa ya kwafa kyauta. Wa zai yi wannan?” Na je kamfani bakwai bayansu, amsar ɗaya ce. Yanzu fitilar ta kowa ce, shi ya sa babu mai ƙera ta.

Kada ki ɗora wa kanki. Ni aka ja wa kunne, ni na zauna na zana miki komai har da sunan waya, na ce miki mujalla da taro kawai aka hana. Na so ki yi alfahari da ni ne. Lauyan jami'a ya tambaye ni wa ya ba jaridar, na ce ni ne, don gaskiyar ke nan. Ba a kore ni ba, an dai rufe aikin, yanzu tsagewar kwalta nake aunawa.

Fitilar gwajin, ita kaɗai ce a duniya, an kai ta ɗakin tsofaffin kaya za a yi gwanjonta da kujeru. Na saye ta. Ta taso a mota, za ta iso miki mako mai zuwa. Ba wannan na yi miki alkawari ba, amma ita kaɗai gare ni.

Naki, in har kina so,
Arlen


19 ga Oktoba, 1998

Arlen ɗana,

Ina gaishe ka, ka gaishe mini da Colleen, ka ce mata kada ta sa komai a ranta, ni ma da zubarwa zan yi. Lafiyata da sauƙi. Ni ce na yi shiru wannan karon, ba fushi ba ne. Wata biyu na yi ina neman wanda zan ji haushi, na rasa. Na gwada Madam ɗin benen, na gwada Marlys, na gwada kai, ƙarshe kullum sai in dawo kan matar da ta ɗauki takarda ta kai gidan jarida tana washe baki. Ka ce kada in ɗora wa kaina. To ɗauki rabi in ɗauki rabi, kada mu sake maganar.

Fitilar ta iso. Ni na haƙa ramin da kaina a gefen gonata, taku arba'in, na binne kunnen, na kafa ta tana kallon hanya. Kwana tara ta yi tana aiki. Direbar motar makaranta har ɗaga mata hannu take yi. A na goma sai ga shugaban majalisa da ɗan sanda, hulunansu a hannu. Ya ce, “Verna, kin san ba son raina ba ne. Ba ta da amincewar hukuma. In mutane suka saba da ita, rana ɗaya ta ƙi kamawa, ke za a kama, mu ma a haɗa da mu.” Na ce ba ta taɓa ƙi ba. Ya ce ya sani. Shi ya taya ni cire ta, yana yi yana kau da kai.

Kunnen na bar shi a ƙasa, gonata ce. Fitilar na ja mata waya na kafa ta bayan rumbu, inda ba a hango ta daga hanya, tana kallon tagar kicin. Tana aiki, Arlen. Sau shida a rana, ko ɗaya ba ta tsallake. Ina wanke kwano sai in ga ja a jikin bango, in ajiye, in fara ƙirga. Daƙiƙa hamsin da biyu ne kafin jirgi ya iso matsallakar. Na auna da agogo, Emil ko da kaya cike da mota daƙiƙa goma sun ishe shi ya taka birki. Sau shida a rana nake tsayar da shi, sau shida jirgin ke wucewa.

Ba zan iya ba kuma. Na san wayar da zan cire, jar nan ce ta hagu. Sau uku ina fita da filaya in tsaya a gabanta in dawo. Kai ka kunna ta, kai za ka zo ka kashe ta. Ka zo kafin ƙanƙara ta rufe hanya, ka zo da yaran, na gyara ɗakinka na da.

Ba a girbe masarar ba tukuna. In za ku shigo, kada ka biyo ta mil bakwai, ka zaga ta cikin gari.

Innarka,
Verna